Wanda Ya Ɓata Shi Zai Biya

Litinin, 3 ga Maris

Yau motar shara ta zo da sikeli. Sikeli fa, sai ka ce masu sayen tsohon ƙarfe. Wai daga yanzu nauyin sharar gidanka za a auna a caje ka. A jikin motar sun rubuta da manyan baƙaƙe: WANDA YA ƁATA SHI ZAI BIYA.

Mai kwasar sharar ya rataya buhunmu, ya dubi allurar, ya dube ni. "Abokina, bulo kuke ci a gidan nan?" Na ce eh, da siminti muke korawa. Ban gaya masa kunzugun Baba ba ne. Wata goma sha ɗaya ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke canja masa safe da yamma, Inna da rana. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗinki, ko zare ba ya bari a jikin rigarsa.

Laraba, 5 ga Maris

Na karɓo takardar dokar a ofishin majalisar gari. Shafi arba'in. Na karanta ta a shagon walda lokacin hutu, maigidana yana ta tsiya: "Lauya, in ka gama shari'ar ga ƙofar mutane tana jira." Aji uku na bar makaranta, sauran a tsofaffin jaridu na tsinta, amma na rantse na fi wanda ya rubuta wannan abin hankali.

Ɓangare biyu ne. Masu mulki sun ce da kuɗin shara za a tallafi asibiti, don kada kuɗin ganin likita ya tashi. 'Yan adawa sun ce a soke sikeli, mara lafiya ya ji da kansa. Wato ko a yanke mu a bakin ƙofa, ko a yanke mu a bakin kantar asibiti. Babu layi ɗaya da ya tuna cewa mai jinya ma yana da kwandon shara.

Asabar, 8 ga Maris

Muhawara a rediyo. Baba yana son rediyo, shi ya sa na kunna ina goge masa jiki. Kansilan unguwarmu sai nanata wa yake, wanda ya ɓata, wanda ya ɓata. Raina ya tashi. Na ce wa Inna ai ruwa ne nauyin, duk kofin da Baba ya sha sau biyu muke biyansa, a famfo da a sikeli. Ta ce, "Kai, rage murya." Na ce ƙarya na yi?

Talata, 11 ga Maris

Taron jin ra'ayi a zauren majalisa. Na yi magana! Minti biyu suka ba ni, na ci bakwai. Na faɗa musu komai, sau nawa ake canjawa, yadda buhun yake ɗiga, warin ɗakin. Na ce wa kansila, ranka ya daɗe, zo ka ɗaga buhun da hannunka sannan ka gaya mini wa ya ɓata. Zaure ya ɗauki tafi. Wani ɗan adawa mai ƙaton agogo ya riƙe hannuna ya ƙi saki, wai irina suke nema.

Da gudu-gudu na dawo gida. Daɗi.

Laraba, 12 ga Maris

Ashe an ɗauki maganata a waya, ta zaga unguwa. Mai shagon bakin layi ya shigo duba Baba, ya tsuguna yana cewa, "Sannu tela, ashe abin har ya kai haka." Baba ya juya fuska bango.

Litinin, 17 ga Maris

Buhun ya yi sauƙi yau. Mai shara ya ce, "An daina cin bulo?" Har na yi dariya.

Alhamis, 20 ga Maris

Asibiti.

Da safe na je canja masa na tarar da kunzugun a bushe ƙamas, na jiya da yamma. Leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa. Ina kiransa yana kallon wani wuri. Inna ta ce kwana da kwanaki in ta kai masa kofi sai ya datse haƙora, ta ɗauka ɗacin baki ne. Ni kuma ina can ina amsa wayar mai agogo.

Likita ta ce ƙodarsa ta taɓu. Ta tambaya, "Wa ya hana bawan Allahn nan ruwa?"

Da ƙarin ruwan ya fara shiga ya ɗan farfaɗo. Ya kamo rigata da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunne. Cewa yake, "Ban ɓata ba. Ka duba. Ban ɓata ba."

Na fita baranda. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, 22 ga Maris

Rabin magungunan sai a waje. Inna ta sayar da keken ɗinkin. Ba ta yi shawara da ni ba, ban kuma tambaya ba.

Talata, 25 ga Maris

Daga hannun Inna kawai yake karɓar ruwa. In ni ne sai ya rufe ido.

Juma'a, 28 ga Maris

Yau majalisa ke kaɗa ƙuri'a a kan sikeli. Mai agogo ya kira sau shida, wai sun tanadar mini kujera a gaba, in zo da hoton Baba in da hali. Har yanzu ina ganin dokar zalunci ce, su ma 'yan adawar ba Allah a ransu. Duk abin da na faɗa a zauren nan gaskiya ne. Sai dai ba tawa ba ce, ta Baba ce, kuma ban tambaye shi ba.

Ban je ba. Ba don komai ba, Inna na buƙatar ta je gida ta yi wanka.

Na zauna da kofi da cokali. Ban lallashe shi ba, ban yi masa bayani ba, na dai riƙe cokalin kusa da bakinsa har hannuna ya sage. Can ya buɗe. Cokali huɗu ya sha.

Da Inna ta dawo ta ce kwanan nan na yi shiru, lafiya? Na ce maƙogwarona ne ke ciwo.