Kurciya Mai Ƙafar Taya

Ataura, 4 ga Satumba, 1994

Zuwa ga jikata abar ƙauna, Marleni,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai horar da ku da abokan gudunki. Idan kin tambayi lafiyata, da sauƙi. Gwiwar hagu ce dai ba ta daina ƙorafi ba, sanyin safiya kuma ya ƙi sakin kwarin nan.

Bayan haka, gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi Lima. Ranar Lahadi nakan dafa dankalin mutum biyu, sai na sauke tukunya nake tunawa. Doña Fidela ta leƙo ta katanga ta ce, "Don Eleuterio, ko aure ka yi ba mu sani ba?" Na ce, "Amsarki nake jira, Doña." Ta ce ita ta gama jinyar tsoho ɗaya, ba ta neman na biyu.

Farin takalminki yana nan a kan kanta, inda kika ajiye shi kika ce in bar shi ya huta. Kullum sai na dube shi. Mahaifiyarki, ranar da ta zo ta ɗauki keken ɗinkinta, ba ta sake kwana a gidan nan ba. Kawunki ma haka ya yi da jitarsa. Na lura mutum yakan bar wani abu nasa a gida muddin yana da niyyar dawowa, shi ya sa takalmin nan yake kwantar mini da hankali.

Sai dai kwanan baya na juya shi na ga ƙasansa. Siriri ne kamar ɓawon albasa. Ashe da wannan kike taka ƙasa, ba ki taɓa faɗa mini ba? Ni da na yi ƙuruciyata ina kai wasiƙu daga Jauja zuwa ƙauyukan kan duwatsu da takalmin taya, ban san ƙaya ba, ban san tsini ba. Kada ki damu da komai. Kakanki bai mutu ba tukuna.

Allah ya tsare ƙafafunki.

Kakanki,
Eleuterio Canchanya

Lima, 5 ga Satumba

Papacha, kakana,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwar, ina gaida ragon. Shiru ban ga wasiƙarka ba, ko biro ya daskare ne?

Ni lafiya lau, sai dai garin nan ba rana. Sama kullum kamar tsohon bargo, iska kuma nauyi gare ta, kamar mutum yana shaƙar kunu. An sa ranar tseren, tara ga Oktoba. Ukun farko cikin mata su za a tafi da su ƙasar waje. Koci, mai horar da mu, ya ce ina da rabo idan ban yi wauta ba.

To ga aikinka. Ka san takalmana uku ne. Jaki, mai nauyin nan, shi ke shan wahalar doguwar hanya kullum. Ja shi ne na ranar gudun sauri. Ba na sa ɗaya kwana biyu a jere, don soson da ke cikinsa yakan kwanta, sai an bar shi ya tashi, kamar yadda kake barin gonar dankali ta huta. Na ukun shi ne farin da ke wurinka, Kurciya. Shi ne na ranar tsere kaɗai. Na daɗe ina lallashinsa har ya san ƙafata, sannan na ajiye shi. Na bar shi a can ne don a ɗakinmu komai kan yi ƙafa ya tafi, danshin Lima kuma har takalmi yake sa wa fumfuna.

Ka ba Hilario direba ya kawo mini kafin ƙarshen wata. Amma ka ji ni da kyau, Papacha, don na san halinka: kada ka wanke shi, kada ka shafa masa mai, kada ka shanya shi a rana. Za ka ga ƙasansa siriri, da gangan aka yi shi haka, rashin nauyin ne duk darajarsa. Kuma ba a shiga gudun famfalaki da sabon takalmi. Sabo cizo yake, sai an yi makonni ana taka shi kafin ya yi ladabi. In Kurciya ta samu matsala, ni ma na samu.

Ka riƙa cin abinci, ba gasasshiyar masara kawai ba.

Taka,
Marleni

Ataura, 10 ga Satumba

Zuwa ga kompadre Saturnino Pariona, a Huancayo,

Gaisuwa da girmamawa a gare ka da iyalinka. Ina fatan kasuwa tana tafiya.

Kompadre, kai ka riƙe mahaifiyar Marleni ranar baftisma, don haka ba ni da wanda zan kai wa kuka sai kai. Na yi ɓarna da hannuna. Wasiƙata da ta yarinyar sun yi saɓani a hanya. Kafin tata ta iso, na riga na kai takalmin tserenta wurin Anacleto mai gyaran takalmi, na ce ya sa masa ƙasa mai ƙarfi. Ya yanko tayar babbar mota ya liƙa. Da na je karɓa har yana buga ƙirji, yana cewa, "Don, wannan jikarka za ta tsufa ta bar wa 'ya'yanta gado." Na dawo gida ina murna kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Sai ga wasiƙarta, na karanta. Na ja sanda na koma, na ce, "Anacleto, cire."

Ya ce, "In cire me?"

Na ce, "Tayar. Ka mayar da shi yadda yake."

Ya ajiye guduma ya dube ni. "Don Eleuterio, tsohon ƙasan na kankare shi, na sa gam, na ɗinke, na bi da ƙusa. Ko limamin coci bai isa ya raba auren nan ba. Ba kai ka ce in yi aikin da zai je Lima ya dawo ba?"

Gaskiyarsa, ni na ce. Na ɗora takalmin a tafin hannuna, wanda dā kamar ba ka riƙe komai ba, yanzu ya zama ɗan dutsen niƙa.

Ban faɗa mata ba. Na kasa. Na sayar da ragon, abin da aka ba ni yana cikin ƙullin nan. Ka taimake ni ka nemo irinsa, fari, marar nauyi. Na zana tafin ƙafata a takardar da ke ciki, domin ƙafarmu ɗaya da ita. Da takalmana take zuwa gona tun tana makaranta. Tseren ya matso. Idan yarinyar nan ta rasa abin da ta yi shekaru tana nema saboda ni, da wane ido za ta sake shigowa gidan nan?

Naka cikin damuwa,
Eleuterio

Huancayo, 14 ga Satumba

Kompadre,

Na gaishe ka. Na karanta takardarka sau biyu, na farko na yi dariya har matata ta zo dubawa, na biyu kuma ban yi ba. Tayar babbar mota! Me ya hana ka sa mata fitila da hon gaba ɗaya?

Na bi kasuwar Lahadi daga wannan baki zuwa wancan. Wani ya rantse da kabarin uwarsa cewa nasa na asali ne, na lanƙwasa shi sau ɗaya ya buɗe baki kamar kifi. Na ce, "Allah ya jiƙan uwar taka, amma ba da wannan ba." A ƙarshe na samu wani shago kusa da filin wasa inda masu gudu suke saye. Mai shagon, Señora Hermelinda, ita ma ta yi gudu a zamaninta. Ta ce irin na Marleni ya ƙare, amma ga ƙanensa, gida ɗaya suka fito. Ta ɗora shi kan zanen ƙafarka ya zauna daidai. Ragonka ya tafi duka, har ƙahon.

Da na ba ta labari ta dafe kai. Ta ce sabo ne fa, ƙasansa da tauri, bakinsa da kaifi, sai an taka shi sosai kafin ranar.

Shawarata, ka aika mata gobe-goben nan, ka faɗi gaskiya, ta samu lokacin taka abinta. Yarinya ce mai hankali. Kada ka sake yin wata dabara, don girman Allah. Dabararka ta farko ta ishe mu.

Kompadrenka,
Saturnino

Ataura, 28 ga Satumba

Zuwa ga jikata Marleni,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ki zauna kafin ki buɗe kwalin da Hilario ya ba ki.

Za ki ga takalmi biyu. Mai baƙin ƙasan nan Kurciyarki ce. Ni na kai ta aka sa mata taya, kafin wasiƙarki ta iso, ina ganin gata nake yi miki. Ba ta gyaruwa. Ba ni da abin da zan ce in kare kaina.

Ɗayan sabo ne, kompadre Saturnino ya nemo shi a Huancayo. Ya ce in aiko miki nan take, ban bi maganarsa ba. Na tuna kin ce sabo cizo yake, na ce to gara ya cije ni. Ƙafata ta gama aikinta a duniya, taki kuwa yanzu ta fara. Tun da ya iso, kowace safiya nakan ɗaura shi in gangara bakin kogi in dawo, da la'asar in zaga dandali. A kan busasshiyar hanya kawai, ban bari ya ga laka ba.

Garin nan ya samu abin kallo. Masu zama ƙofar shagon Teófilo suna ganina suke tashi tsaye. "Ga zakara nan! Don, yaushe ne tseren, mu sa kuɗinmu a kan katantanwa?" Nakan ɗaga musu sanda in wuce. Ya cije ni kuwa, a dunduniya da kan ɗan yatsa, amma yanzu ya daina. Ranar Alhamis gwiwar ta ci amanata a gaban coci, na zube. Doña Fidela ce ta ɗaga ni tana faɗa: "Tsohon banza, so kake a binne ka da farin takalmi kamar amarya?" Kada ki damu, kwatangwalo ne kawai ya ɗan bugu. Takalmin bai ƙwarzane ba.

Sai yau da nake naɗe shi wani tunani ya zo mini, ya ƙi tafiya. Kwanakin nan da na riƙe shi, naki ne na cinye. Ban sani ba ko gyara na yi ko ƙarin ɓarna. Kuma in faɗa miki gaskiya, ba don cizon kaɗai na riƙe shi ba, tsoron rubuta wannan takarda ma yana ciki.

Na aiko da Kurciya don ki ga abin da na yi da idonki, kada in ɓoye. Yanzu kantar ba komai a kanta. Idan bayan tseren kika ga zama a Lima ya fi miki, ba zan ga laifinki ba.

Allah ya ba ki sa'a, ya sa kada laifina ya bi ki.

Kakanki,
Eleuterio Canchanya

Ataura, 18 ga Oktoba

Kompadre Saturnino,

Gaisuwa. Ka gafarta gajartar takardar.

Na saurari rediyon Teófilo ranar tseren. An faɗi sunayen mata uku, babu nata. Masu tsokanata suka watse ɗaya bayan ɗaya, wannan ya fi mini dariyarsu ciwo. Tun daga ranar, ko layi ɗaya ba ta aiko ba. Kullum nakan je tasha in jira motar Hilario, shi kuma tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in wahalar da ƙafata.

An fara ruwa, mutane suna shuka, ni ban taɓa gona ba. Idan ka ji wani labari ta wajen Señora Hermelinda, ko mai ɗaci ne, ka aiko mini.

Naka,
Eleuterio

Lima, 22 ga Oktoba

Papacha,

Ina gaishe ka. Na yi shiru ne don na yi fushi, kuma ban so in rubuta da fushi.

Na zo ta huɗu. Da sabon na yi gudun. Bai cije ni ko sau ɗaya ba, amma ya karkata hagu, daidai yadda kake takawa, sai da na yi rabin hanya ina jin kamar kana dogara da ni. Ko shi ya hana ni, ko waccan ta ukun ce ta fi ni, ban sani ba, ba zan taɓa sani ba, kai ma kada ka tambaya.

Na gwada Kurciyarka mai taya. A kwalta ba ta da amfani. Amma hanyar duwatsun nan da ke hawa bayan gidanmu, wadda ta cinye mini Jaki biyu, ta samu daidai da ita. Koci ya ce in koma kan duwatsu in yi shirin baɗi.

Ga ta nan a kwalin. Ka mayar da ita kan kanta ta huta, kuma kada ka taɓa ta. Ranar Lahadi ta biyu a watan gobe ka dafa dankalin mutum biyu.

Taka,
Marleni