Na wanke wa Bashiru roba

Daren Laraba, farkon rani, Bodinga

Yau dai bakina ya mutu.

Tun makon jiya nike tsokanar jikana Bashiru. Injin nan nashi da ke haɗiye ƙwayoyin roba, ya narkar da su, ya gina kaya sahu bisa sahu, duk abin da ya fitar sai ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli. Har gaban baƙi na ce, "Maigidana, amaryar taka ba ta iya tuwo ba."

Da la'asar Malam Umaru na Kajiji ya maido farfelar injin ban-ruwanshi da Bashiru ya yi mishi, ta rabe biyu, ga albasa na jin ƙishi. Bashiru ya tada injinshi don ya yi wata, ya ƙara wuta, ya rage gudu, duk a banza. Sai ya kasa kunne, ya ji bakin injin na tsartsatsi kamar an ɗiga ruwa cikin mai. Ya tura hannu cikin buhun ƙwayoyin robar.

"Inna, mi ya jiƙa robata?"

Ni ce. Tun zamanin ostariti, lokacin ƙarancin abinci da munka sha layin shinkafa, ba ni iya ganin ƙwaya a ƙasa. Waɗanda sunka zube nike sharewa, in wanke su tas, in maida buhu. Ashe roba na shan ruwa, in ta narke sai ta yi kumfa ciki.

Ya ce sai an gasa su sun bushe ƙayau. Bai yi mini faɗa ba. Ina bayan zana na ji ya ce wa Malam Umaru, "Sakacina ne, Baba, gobe za ka samu sabuwa."

Da ma faɗan ya yi.