Rigunan Aikin da Nagwa Take Kaɗewa

Ustaza Ihsan, ki taimake ni da shawara. Na kasa jin komai, ko da tsoro ne.

Shekara goma sha tara ina haɗa haƙoran roba a nan Mansura, a shagon kawuna Ramzi. Ni nake goge ƙarfen da ake ɗora haƙoran a kai, kullum cikin ƙura, amma lafiyata ƙalau. Matata Nagwa ce take tari, wata goma sha huɗu ke nan. Ta sha maganin tarin fuka wata shida, bai yi komai ba. Yanzu sai ta zauna sau biyu kafin ta gama hawa bene.

Makon jiya likita ya tambaye ta ko ta taɓa aikin ƙarfe, ta yi dariya ta ce sai dai tukunyar wake. Ina zaune, ban ce uffan ba. Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru kullum, sai na dawo gida na buɗe littattafaina. Kowace Alhamis na rubuta cewa Nagwa ta kaɗe rigunan aikina ta wanke. A littafin shekara tara baya na ga inda na kwafi gargaɗin da ke jikin kwalin ƙarfen: akwai berilyam a ciki, ƙurarsa tana lalata huhun wasu mutane. A ƙasa na rubuta, ni dai ba ta kama ni.

Wataƙila ba ƙurar ce ta kama ta ba, ni ba likita ba ne. In na yi magana za a binciki shagon kawu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Kuma Nagwa za ta sani. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Yau Laraba.

Mai Goge Ƙarfe, Mansura

Ɗan'uwana, wasiƙarka ta iso ni bayan Alhamis. Ina fata rigunan ba su shiga gida ba, kuma kada su sake shiga.

Ƙurar nan takan ƙyale wani ta kama wani, ya danganta da yadda jiki ya ƙi ta. Ko ita ce ko ba ita ba, likita zai faɗa, amma ba zai nemi abin da aka ɓoye masa ba. Ka kai masa kwalin da littafin. In ita ce, akwai maganin da ke rage wa cutar ƙarfi.

Kawunka ya yi maka alheri, don haka ka sanar da shi da bakinka. Shi ma ƙurar yake shaƙa. Amma Nagwa za ka fara gaya wa, yau. Shirun shekara tara baya ganganci ne, ana yafe shi. Na makon jiya ne ba za ka maimaita ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya buɗe maka baki.