Amsa Kafin Juma'a

Bayou Clair, Louisiana
Ƙarshen watan Mayu

Masoyina Royce,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Arkansas lafiya kai da yaranka. Ya gwiwar taka bayan doguwar tafiyar nan? Mu nan lafiya lau. 'Yarka Odette tana gaishe ka, ta ce a gaya maka haƙorin nan ya fita. Tunda ka karɓe wayoyin 'yan wasanka har a gama gasar besbol ta shiyya, kai ma ka kulle taka, dole na koma takarda. Direban da zai kawo muku kaya gobe zan ba.

Ba na son in ɗaga maka hankali a wannan makon, amma gara ka ji daga bakina. Ka san tun da Koci Delphine ta bar ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta koma Texas na nemi kujerarta. To, sun ba wani daga Ohio, Brandt Sizemore. Jiya ya kira ni ofis, har da zuba mini kofi da kansa. Ya ce zai zo da mataimakansa, amma saboda darajarka a jami'ar nan ba zai sallame ni ba, in koma ina shirya wa 'yan matan otal da tikitin jirgi.

Na ce masa, "Koci, shekara tara ina koya wa yaran nan tsaron kwando. Ba darajar mijina ce ta koya musu ba." Na ajiye masa makullai na fito.

A ƙofa na tarar da Keyana, kyaftin ɗinmu, tana kuka, wai ita ma barin makarantar za ta yi. Na ce ta share fuska ta je ta gama digirinta. Ni sai da na shiga mota na yi nawa kukan.

Kada ka sa wannan a ranka. Ka je ka ci wasanka.

Matarka,
Marva


Bayou Clair
Farkon watan Yuni

Masoyina Royce,

Ina gaishe ka, ina kuma taya ka murna. Ya gajiyar nasara? A gidan mahaifiyarka muka kalla. Da yaron nan Thaddeus ya yi jifan ƙarshe mai bugu ya kuskure, Mama Eulalie ta miƙe da farantin jan wake da shinkafa a hannu, rabi ya zube a kan kujera, ko a jikinta. Saura zagaye ɗaya ku kai Omaha, inda ake gasar ƙarshe ta ƙasa. Na san tun kana ƙaramin koci kake mafarkin wurin nan.

Yanzu ga tawa maganar. Wata ƙaramar kwaleji a North Dakota ta neme ni, suna son babbar koci. Na je na gani da idona. Ɗakin wasansu bai kai rabin namu ba, bara wasa huɗu kacal suka ci, kuma 'yan wasan kirki duk sun watse. Shugabar wasanninsu, Madam Halvorson, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Sanyi zai wahalar da ke, kuma ba mu da abin burgewa. Amma ƙungiyar taki ce, ba mai sa miki baki." Har muka rabu ba ta tambaye ni aikin mijina ba.

Suna son amsa kafin Juma'a, ranar da za ku fara wasa.

Mama ta ce in bari ka gama tukuna, ba a kai wa mutum irin wannan labari yana tsakiyar fama. Na ji maganarta, amma su can ba za su jira ba, kuma ba zan yi abu a bayan idonka ba. Da aka kira ka Mississippi na bi ka. Da aka kira ka Alabama na bar aikina na bi ka da cikin Odette. Nan ma haka. Ban taɓa yin da-na-sani ba, kuma ba gori nake maka ba. Amma shekarata arba'in da huɗu, Royce, kuma wannan ne karo na farko da aka kira ni, ni kaɗai.

Zan karɓa. Ba barinka zan yi ba, yadda za mu yi da gida da makarantar Odette sai mun zauna tare. Ranar Lahadi ina cikin 'yan kallo, a bayan benci, ko kana son ganina ko ba ka so.

Taka har kullum,
Marva


North Dakota
Tsakiyar watan Yuni

Masoyina Royce,

Da fatan kana lafiya, kai da Odette da Mama. Kana cin abinci kuwa? Na san halinka idan an fitar da ku. Maki ɗaya ne ya raba ku da Omaha, kuma na ga yadda ka bi yaranka ɗaya bayan ɗaya kana ɗaga su daga ƙasa. Ban taɓa alfahari da kai kamar ranar ba.

A wurin ajiye motoci ka tambaye ni, "Kin sa hannu?" Na ce na sa. Ka dube ni ka wuce ka shiga bas. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na san abu biyu ne suka faɗo maka rana ɗaya.

Nan 'yan mata shida na tarar. Ɗaya ba ta iya jefa ƙwallo da hagu ba, ɗaya kuma sai ta tatsi shanun babanta kafin ta zo atisaye. Amma suna da gudu, kuma ba sa ƙorafi. Na gaya musu bana ba za mu zama abin dariya ba. Sun dube ni kamar na zautu. Za su gani.

Shekaranjiya da ka buga waya na ɗauka faɗa za mu yi. Ko gaisuwa ba ka yi ba, ka kira ni da sunan aikina ka ce, "Koci Guidry ce? Thaddeus yana da ƙanwa a Montana, doguwa ce, tana ƙwallon kwando, ba ƙungiyar da ta neme ta. Ki je ki gan ta kafin wani ya riga ki." Ka kashe. Na daɗe a tsaye da wayar a hannu.

Na san har yanzu kana fushi, muryarka ta gaya mini. Ka yi fushinka, amma ka zo da shi nan mu yi maganar ido da ido. Ka taho da Odette a watan Yuli ta ga makarantar da na duba mata. Ka riƙo mini barkonon Mama, abincin nan ba ya da yaji ko kaɗan.

Jibi da safe zan kama hanyar Montana. Ka gaya wa Thaddeus ya sanar da mahaifiyarsu ina tafe, kuma ba zan taso ba sai da yarinyar.

Ka gaishe mini da kowa.

Matarka mai ƙaunarka,
Marva Guidry