Sunan da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Khaulat 'yata,

Salamu alaikum. Ya jikin innarki? Ni a Legas lafiya lau, bayana ne kawai yake gardama da kwandunan tumatir.

Kin ce likita ya ce ƙwaƙwalwa kamar kwamfuta take, ta innarki ta fara goge abubuwa. Ni a aji huɗu na tsaya, amma wace kwamfuta ce take manta 'yarta, ta tuna Talata ake sako wa gonarmu ruwa? Da kwamfuta ce, da mun kai ta wurin mai gyaran waya a Kura.

Sai bayan Sallah zan taho. Shekara talatin kunya ta hana ta kiran sunana. Yanzu yaya zan gane ko ta manta shi?

Allah ya yi miki albarka.

Babanki, Mudassiru