Yau Yaya Sani Bai Ce Da Sauƙi Ba

Laraba, 30 ga Nuwamba, 2022. Bin Omran, Doha.

Barci ya ƙi zuwa. 'Yan kallon ƙwallo sai danna hon suke yi a titi, ni kuma maganar Yaya Sani ta hana ni sakat.

Shekara biyu ina kiransa a Kanada, in ce, "Yaya, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." Ni da nake likita na san ciwon da ke cin jijiyoyinsa ba ya sauƙi, amma na riƙe amsar don ta yi mini daɗi. Haka muka taso, ko mutum na gargara, da sauƙi zai ce.

Yau da na tambaye shi, sai ya ce, "Hadiza, babu sauƙi." Wai dokar can ta yarda likita ya taimaka wa irinsa ya mutu, har ya karɓo takardar da ake cikewa a nemi hakan.

Na rufe shi da faɗa. Rai na Allah ne, haramun ne, me za mu gaya wa Hajiya mahaifiyarmu? Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ban cike ba. So nake wani a gidanmu ya san inda na kai."

Ina nan a kan bakana, ban yarda ba. Amma sau ɗaya tak ya faɗa mini gaskiya, na toshe masa baki da wa'azi. Ga shi babu hutu a asibitin da nake aiki sai an gama gasar cin kofin duniya, balle in je wurinsa.

Gobe zan kira, in tambaye shi jiki, in ja bakina in yi shiru.