Jan Fenti a Jikin Kukar Dattijo

Warri,
9 ga Janairu, 1977.

Zuwa ga ƙanwata Lubabatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya ƙarfin jikin Inna? Yaya maigidanki Malam Labaran da yara, da duk mutanen Kausani? Ni ina nan lafiya, in dai ana kiran wannan zama lafiya: ko da rani ruwan sama ba ya gajiya, riga ba ta bushewa, tuwo kuwa sai dai labari.

Bayan haka, takardarki ta iso. Kin ce masu safiyon sabuwar hanya sun shafa wa Kukar Dattijo jan fenti, kuma tun ranar Inna ba ta cin abin kirki. Lubabatu, tuƙin katafila nake ci da shi, na san abin da jan fenti yake nufi. Kuka bakwai na kayar a hanyar Mokwa. Ta ƙarshe, wani injiniya Bature ya zagaye gindinta da igiyar awo, ya ce irinsu kan haura shekara dubu, sun girmi ganuwar Kano, kuma itatuwan da suka kai su daɗewa a duniya ba su da yawa. Ya gama yabonta, ya ɗauki hotonta, ya ce in ture. Na ture. Tsofaffin ƙauyen na tsaye suna kallo. Tamu kuwa ta fi waccan kauri.

Kin kuma ce Yaya Haladu ya gaya wa dagaci a sare ta, shi ba ruwansa. Kina so in taya ki jin haushinsa. Ba zan iya ba, kuma lokaci ya yi da za ki san dalili. Kina yarinya aka ce miki santsi ne ya faɗo da shi daga kan kukar nan. Ba santsi ba ne. Marigayi Baba ya koya mini cewa turakun da ake kafawa a jikin kuka don hawa, da busasshiyar ƙirya ake yin su, a gwada kowane da nauyin jiki. Ranar Juma'a ce, ina ɗokin kasuwar Wudil, turke ɗaya ya gaza mini, na feƙe ɗanyen reshe na cike gurbin. Washegari Yaya ya hau ya ɗebo wa Inna ganye. Ɗingishin da kike gani ke nan.

Ya ga turken, ya san mai shi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai kuma ƙara amsa gaisuwata ba. Ya rufa mini asiri, ya rufe mini ƙofa. Na jure shekara biyu, na bar masa garin. Ina jin zafinsa har yau, ban ɓoye miki ba, amma wanda ya faɗo daga bishiya ba a tilasta masa sonta.

Ki lallaɓa Inna ta sha ko kunu ne.

Yayanki,
Ƙasimu.

Warri,
20 ga Fabrairu, 1977.

Lubabatu,

Ina gaishe ki da jinya, Allah ya ba ki lada. A gaida Malam Labaran, na gode da yake rubuta miki amsa ba ya gajiya.

Maganar Inna ta tsaya mini a rai, da ta ce a shekarar fari ganyen kukar nan da 'ya'yanta ne suka riƙe unguwa har damina, yanzu an ƙoshi za a saka mata da katafila. Gaskiya ta faɗa. Kuɗin fetur sun zo, kowa sauri yake kamar an biyo shi. Ni ma cikin masu saurin nake, bakina bai da nauyin zagin kowa.

To ga abin da na sani a sana'ata. Hawaye da roƙo ba sa tanƙwara hanya. Abin da ke tanƙwara ta shi ne a samu mai fili ya ce a bi ta nasa, ba ƙara ba jayayya, kuma a yi haka kafin motocin aiki su iso. Kin san yadda aka raba gonar Baba. Gabas da kukar ta Yaya ce, da ita yake ciyar da mutum tara da ƙafa ɗaya da rabi. Yamma tawa ce, wadda maƙwabcinmu Halliru yake nomawa aro.

Gonar nan ita ce kaɗai abin da nake cewa zan koma wa. Duk ranar da shugaban aiki ya daka mini tsawa kamar ɗan cikinsa, sai in ce a raina, yi ka gama, ina da jigawa a Kausani.

Ga takarda nan a ciki, na sa hannu na yarda hanyar ta bi ta gonata. Malam Labaran ya kai wa dagaci, su je wurin mai safiyo tare. Kada ki ce na yi halin kirki, da cizon yatsa na yi. A ba Halliru haƙuri, ya riga ya kai taki.

Yaya kuwa kada a ce masa komai. Ba sayen gaisuwarsa nake ba.

Naki,
Ƙasimu.

Warri,
24 ga Afrilu, 1977.

Ƙanwata Lubabatu,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, zafin bazara da sauƙi. Na yi murna ƙwarai da jin Inna ta koma shimfiɗa tabarmarta a gindin kuka, har tana faɗa da awaki. Alhamdu lillahi.

Ashe hanya ta yi kwana. Kin ce abin da ya rage na gonata bai wuce wurin ɗaure jaki ba, direbobi kuma tun yanzu suna tsine wa wanda ya jawo kwanar. Su tsine, suna da gaskiya, ni ma da na tsine.

Ƙullin garin kukar da direban tanka ya kawo ya iso. Na kaɗa miya a gwangwani, ba daddawa ba komai, na ci har na ji kunyar kaina. Sai da na gama na karanta cewa ba Inna ce ta aiko ba, Yaya ne.

Saƙon nasa na maimaita shi ya fi sau goma. Wai turaku duk sun ruɓe, mata da gora suke kaɗo abin da ya sawwaƙa, ga sabon ganye na shirin fitowa. Wai ya sa an saro ƙirya, ya feƙe da kansa, sun bushe sarai, saura wanda Baba ya koya wa kafawa. Ko sunana bai kama ba, ko? Halinsa ne. Shekara tara, abin da ya samu ya ce ke nan, ni kuma ya ishe ni.

Na nemi hutu, sun ba ni mako biyu da ƙyar. Zan sauka a gadar Wudil ranar Alhamis ta sama, in Allah ya yarda. Ki gaya wa Inna ta daina ce wa mutane na zama babban ma'aikaci, da jaka ɗaya zan zo.

Yaya kuma ki ce masa ya tsaya a ƙasa ya riƙa miƙo mini. Kowane turke sai na ɗora masa nauyina duka kafin wani ya taka.

Sai na zo.

Yayanki,
Ƙasimu.